Unguwar da Aka Gina wa Masu Gigin Tsufa, da Haƙƙin Gajiyayye a Cikin Jama'a

A gefen birnin Amstadam na ƙasar Holan, cikin wani ƙaramin gari da ake kira Weesp, akwai wata unguwa wadda in baƙo ya shige ta da safe, ya tarar da tsofaffi suna kai da kawowa a kan tituna, wannan ta fito daga kanti tana tura keken cefane, wancan ya jingina a benci gefen maɓuɓɓugar ruwa yana shan hantsi, waɗansu kuma sun taru a wani ɗaki ana kaɗa musu waƙoƙin zamanin ƙuruciyarsu suna amshi, da wuya ya kawo a ransa cewa duk wanda ke kwana a unguwar nan likitoci sun riga sun tabbatar gigin tsufa ya yi nisa a jikinsa, har ya kai ga ba zai iya riƙe kansa ba sai da mai kula da shi dare da rana. Sunan unguwar De Hogeweyk, an kuwa buɗe ta a shekarar 2009, tun daga lokacin kuma masana da mahukunta daga ƙasashe masu yawa suke ɗunguma zuwa su ga yadda aka yi aka bar mutumin da ba ya tuna sunan ɗansa ya fita yawo shi kaɗai, ya kuwa komo lafiya.

Gigin tsufa ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe, sai dai galibinmu muna ɗaukarsa a kan wani mataki da kowane mai tsawon rai zai taka, alhali kuwa cuta ce ta ƙwaƙwalwa wadda takan sami wani ta ƙyale wani, shi ya sa kake ganin ɗan shekara casa'in yana lissafa maka sarakunan garinsu ɗaya bayan ɗaya, ga kuma ɗan saba'in ya ɓata tsakanin masallaci da ƙofar gidansa. Wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, shi ne ya bayyana nau'in da ya fi yawa a cikinta a shekarar 1906, bayan ya binciki ƙwaƙwalwar wata mata da ya yi jinya a birnin Frankfurt, kuma nau'in nan da ke ɗauke da sunansa shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu fama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ke ɗauke da cutar, ana kuma samun ƙarin kusan miliyan 10 kowace shekara, fiye da kashi 60 cikin ɗari nasu kuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke zaune, watau irin namu. Har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba. Saboda haka muhimmiyar tambaya ga iyalin da abin ya faɗo wa ita ce yadda tsohonsu zai ƙarasa shekarun da Allah ya ɗiba masa, waɗanda sukan kai biyar, wani lokaci goma, ko su haura.

Asalin Hogeweyk gidan kula da tsofaffi ne irin na ko'ina a Turai, dogon bene mai dogayen baranda, ƙofofi a kulle, ma'aikata cikin fararen kaya, abinci yana fitowa daga babban kicin a kan lokacin da aka ƙayyade ko mutum yana jin yunwa ko ba ya ji. Ɗaya daga cikin shugabannin gidan, Yvonne van Amerongen, ta sha faɗin cewa lokacin da mahaifinta ya rasu farat ɗaya a farkon shekarun 1990, daga cikin abubuwan da suka fara zo mata a zuciya har da godiya cewa bai rayu har an kawo shi gida irin wanda take aiki a ciki ba. Da ta ga irin wannan tunani ya ɗarsu a zuciyar mai gudanar da wurin da kanta, sai ta san akwai babban lahani a aikinsu. A shekarar 1993 ita da abokan aikinta suka fara sauya tsari tun suna cikin tsohon ginin, suka rarraba tsofaffin rukuni-rukuni, suka mai da girki kusa da su yadda ƙamshin miya zai riƙa isa hancinsu, suka cire fararen kaya. Sai bayan shekara goma sha shida suka sami ikon rushe benen suka gina unguwa a filinsa, a kan kuɗi Yuro miliyan 19 da 'yan kai, waɗanda mafi yawansu daga gwamnati suka fito.

An fara da gidaje 23 da mazauna 152, daga baya aka ƙara suka zama gidaje 27 da mazauna 188, kowane gida mutum shida ko bakwai, kowa da ɗakin kwanansa, falo da kicin kuwa na tarayya. Ba a haɗa mutane gida ɗaya da ka ba. An dubi irin rayuwar da kowa ya saba kafin ciwo, aka ware gidaje na masu sana'ar hannu waɗanda suka saba da sammako da abinci mai nauyi, da na 'yan birni, da na masu riƙo da addinin Kirista waɗanda ba sa cin abinci sai da addu'a, da na masu hali, har da na waɗanda suka tashi a Indonesiya zamanin da take ƙarƙashin mulkin Holan, inda ake dafa musu shinkafa da kayan yaji irin na can; daga baya an taƙaita rabe-raben nan, amma manufar tana nan, watau kada mutum ya farka da safe ya ga kujera da labule da abincin da bai taɓa sani ba, ruɗaninsa ya ƙaru. Ƙofar kowane gida a buɗe take. Wajen rabin filin unguwar sarari ne, tituna da lambuna da dandali, ƙofar fita zuwa cikin gari kuwa guda ɗaya ce, akwai mai lura da ita. A cikin unguwar akwai kanti, da gidan abinci, da mashaya bisa al'adarsu, da shagon gyaran gashi, da gidan wasan kwaikwayo, kuma mai kanti da mai aski da mai share lambu duk an koya musu yadda ake mu'amala da mai gigi, ta yadda in tsohuwa ta ɗebi kaya ta wuce ba ta biya ba babu mai ɗaga mata murya, daga baya a daidaita lissafi da gidansu ko a mai da kayan cikin sirri.

Abin da ya fi jan hankalina a tsarin nan shi ne matsayin da suka ba nishaɗi, domin ba su ɗauke shi a kan wani ƙari da ake yi in aiki ya ragu ba, sun sa shi ne a sahu ɗaya da abinci da magani. Akwai kulob-kulob masu yawa, na kiɗa, na zane, na gashin burodi da kek, na shirya furanni, na tattaki, kuma ba a tara kowa da kowa a babban ɗaki a ce yau ga abin da za a yi, ana tambayar mutum da danginsa ne me ya saba so tun yana da lafiya, sa'an nan a rubuta shi inda ya dace. Wanda ya yi rayuwarsa yana hawan keke, kamar yadda galibin mutanen Holan suke, akwai keke mai kujera biyu gefe da gefe, ɗan sa kai yana riƙe da kan, shi kuma yana taka feda gwargwadon ƙarfinsa, iska tana bugun fuskarsa. Wadda ta saba girki ana miƙa mata wuƙa da dankali ta fere, ko da kuwa za ta ɗauki rabin sa'a a kan guda uku. Gidan abincin kuma a buɗe yake ga mutanen gari, gidan wasan ana ba da shi haya ga masu taro, don jama'ar waje su riƙa shigowa, yara su riƙa gilmawa, unguwar kada ta zama tsibiri. Ma'aikatan suna cewa tun da aka koma wannan tsari buƙatar magungunan kwantar da hankali ta ragu ƙwarai, dalilin kuwa a fili yake ga duk wanda ya taɓa jinyar tsoho: wanda ya wuni yana tafiya a sarari yana gaisawa da mutane zai yi barci da dare, wanda kuwa ya wuni yana jijjiga ƙofar da ta ƙi buɗuwa zai kwana yana faɗa.

Wani malamin jami'ar Bradford ta Ingila, Tom Kitwood, ya yi bayani a littafinsa Dementia Reconsidered na shekarar 1997 cewa lalacewar da ake gani a jikin mai gigi ba duka ce daga ƙwaƙwalwa take ba, wani kaso nata daga yadda na kusa da shi suke yi masa ne, kamar a riƙa magana a kansa yana zaune tamkar ba ya nan, ko a karɓe masa aikin da har yanzu yana iyawa don ya cika nawa, ko a riƙa lallashinsa da muryar da ake yi wa jariri, galibi kuwa masu yin haka ba da mugun nufi suke yi ba. Likitoci sun kuma tabbatar cewa cutar ba ta cinye komai lokaci ɗaya. Sunaye da kwanaki da abin da ya faru ɗazu su ne farkon tafiya, amma abin da hannu ya haddace, da waƙa, da karatun da aka yi tun ƙuruciya, da jin daɗin fuska mai fara'a, sukan daɗe ƙwarai. Ke nan ko da tsoho ya manta da cewa an kai shi wurin biki tun kafin a iso gida, sanyin da ya ji a ransa yakan wuni tare da shi, kuma ni a ganina wannan kaɗai ya isa hujja a kan mai cewa fita da shi ɓata lokaci ne tun da ba zai tuna ba.

Ba a rasa masu suka ba, kuma sukarsu tana da nauyi. Waɗansu sun ce unguwar yaudara ce mai kyawun fuska, kanti ne wanda ba kanti ba, 'yanci ne mai katanga. Masu wurin suka amsa cewa kayan kantin na gaske ne, da su ake girkin kowane gida, kuma duk mazaunin da ya tambaya inda yake ana faɗa masa gaskiya. Waɗansu sun ce ware masu gigi a unguwa tasu, kome kyawunta, wariya ce dai, abin da ya kamata shi ne gari duka ya koyi zama da su. Waɗansu kuma sun nemi a kawo bincike mai ƙarfi da zai auna amfanin da ake faɗa. Ga kuma batun kuɗi, domin abin da ya sa talaka yake iya kwana a Hogeweyk shi ne inshorar jinya ta dogon lokaci da ƙasar Holan ta wajabta wa kowa tun shekarar 1968, wadda babu irinta a ƙasashenmu. Duk da haka an kwaikwayi tsarin a wurare da dama, kamar ƙauyen da Faransa ta buɗe a garin Dax a shekarar 2020 mai ɗaukar mutum 120, ita kuma Holan ta kafa doka da ta fara aiki a shekarar nan ta 2020 wadda ta hana kulle mai gigi ko tilasta masa jinya sai in an rasa wata hanya.

To, mu da ba mu da Yuro miliyan 19, ina ruwanmu da wannan labari? Ruwanmu kuwa babba ne, domin in aka duba da idon basira abin da mutanen Holan suka kashe dukiya suka gina bai wuce abin da kowace tsohuwar unguwa a Kano ko Katsina ko Damagaram take da shi tun kaka da kakanni ba: lungu wanda mota ba ta shiga, masallaci taku kaɗan daga ƙofar gida, dakali da majalisa, mai shayi da mahauci da wanzami waɗanda suka san kowa da ubansa. Addini kuma ya riga ya shimfiɗa mana ƙa'ida. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda hankalinsa ya gushe taklifi ya faɗi a kansa, ana kuma yi masa hajru a kan dukiyarsa, waliyyi ya riƙa tasarrufi a madadinsa don kada a cuce shi. Amma hajrun nan a kan dukiya yake, ba a kan zama cikin mutane ba, kuma alfarmar ɗan Adam da wajibcin birrul walidaini babu abin da ya rage su, bal ma lokacin rauni ne aka fi tsananta wasiyya da iyaye. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a cikin ciwon ajalinsa ya fito zuwa masallaci yana dafe da mutum biyu, Sahabi Abdullahi ɗan Mas'udu kuma ya ba da labarin cewa a zamaninsu akan taho da mara lafiya ana tallafe da shi har a tsayar da shi a sahu. Al'ummar da ta gaji wannan bai dace a ce ita ce take ɓoye gajiyayyunta ba.

Na san wata tsohuwa a wani gida na maƙwabta, wadda gigi ya kai ta ga ba ta bambance jikokinta, kuma kullum da la'asar sakaliya sai ta ɗaure 'yan tsummokaranta a ɗankwali ta nufi zaure. Da farko 'ya'yanta maza suka sa aka riƙa danna sakata, ita kuma ta riƙa dukan ƙyaure tana kuka har magariba, wani ya ce aljanu ne, aka yi ta hayaƙi. Surukarta ce, matar ƙaramin ɗanta, ta gano bakin zaren. In ta ga ta ɗauki ƙullin sai ta tare ta da fara'a ta ce, "Inna, ina zuwa haka da yamma?" Ta ce, "Gida za ni, yarinya, babata tana jirana, ban ɗebo ruwa ba." Maimakon ta ce mata babarki ta rasu shekara hamsin, ta sabunta mata makoki, sai ta ce, "To Inna, ga shinkafar nan ta gagare ni, ki taya ni tsincewa tukuna, sa'an nan in raka ki." Ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida inda mata suke, ta ɗora mata faifai a cinya. Sai ka ga yatsun nan da suka manta yadda ake ɗaura zane suna bin ƙwayar shinkafa ɗaya-ɗaya, suna fid da tsakuwa suna turawa gefen faifai ba kuskure, bakinta yana motsi da waƙar daka ta zamaninsu, 'yan mata suna dariya suna cewa, "Kaka, ƙara mana." In an gama kuma surukar ta cika alkawari, ta riƙe hannunta su fita su zaga lungu, su gaisa da mai ƙosai, su leƙa gidan da aka yi haihuwa, su komo ta ƙofar da suka fita, tsohuwa ta ce alhamdu lillahi mun iso. Ba ta yi mata ƙarya ba, tauriyya ta yi, watau kewaya magana, irin wadda malamai suka yarda da ita, ba ta kuwa taɓa jin sunan Kitwood ba.

Sai dai irin wannan gida yana ƙaranci. Masu hali sun koma sababbin unguwanni masu dogayen katangu da get, inda maƙwabci bai san maƙwabci ba, aka ɗauko tsoho daga cikin gari aka ajiye shi a ɗaki mai sanyi da talabijin, aka raba shi da majalisar da ya yi shekara arba'in yana zama, ana ganin an gama masa gata. Talaka kuma ya fita nema, matarsa tana fama da yara da sana'a, kwaɗo ya fi sauƙi a kan rakiya. Ga kunya, kada Baba ya faɗi abin da bai dace ba a gaban baƙi, kada fitsari ya kuɓuce masa a masallaci, alhali wannan na biyun ƙunzugun manya da ake sayarwa a kemis ya rage shi, in ma ana tsoron najasa ai harabar masallaci da dakalin ƙofarsa suna nan. Tsofaffi mata kuwa su suka fi shan wuya, domin namiji ko ba komai ana tunawa da shi ranar Juma'a, ita kuwa da zarar ta daina iya zuwa suna da biki sai a bar ta a ƙuryar ɗaki kamar tsohuwar ƙwarya da aka ɗinke aka rataye. Mafi muni kuma, in ta fita ta ɓata aka tsince ta a wata unguwa tana sambatu, ba a rasa jahilin da zai ce mayya ce, kuma an sha jin inda irin wannan ƙazafi ya kai ga duka, har da kisa, a sassan Nijeriya.

Amma kada a zalunci masu kulle ƙofa, domin tsoronsu na gaskiya ne, duk mai sauraron cigiya a gidajen rediyo ya san sau nawa ake neman dattijon da ya fita tun safe bai komo ba. Ƙasar Japan, wadda kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun haura, ta ɗanɗana wannan tsoro har gaban alƙali. A watan Disamba na 2007, a garin Obu, wani tsoho ɗan shekara 91 mai gigi ya fice daga gida cikin 'yan mintocin da gyangyaɗi ya ɗauki matarsa, wadda ita ma ta kai shekara 85, ya shiga layin dogo jirgi ya take shi. Kamfanin jirgin ƙasa na JR Central ya kai iyalin ƙara yana neman diyyar Yen miliyan 7.2 saboda jinkirin da aka jawo masa. Kotun farko a 2013 ta ce su biya duka, kotun ɗaukaka ƙara a 2014 ta ce matar ta biya rabi, hankalin masu jinya a faɗin ƙasar ya tashi, domin ma'anar hukuncin ita ce duk mai tsoho a gida ya ɗaure shi ko ya shirya biyan tara. Sai ranar 1 ga Maris 2016 Kotun Ƙoli ta wanke iyalin. Bayan haka garin Obu ya kafa doka ya kuma ɗauki nauyin yi wa masu gigi inshora, birnin Kobe kuma a 2019 ya ƙara Yen 400 a kan harajin kowane mai biya a shekara, don in tsoho ya jawo ɓarna jama'a duka su ɗauka, kada ta faɗa kan tsohuwar da barci ya sace.

Tun kafin wannan shari'a wani gari mai suna Omuta, tsohon garin haƙar kwal a tsibirin Kyushu wanda matasansa suka watse bayan an rufe mahaƙar a 1997, ya riga ya ɗauki wata hanya. Tun 2004 suke yin atisaye kowace shekara: a sami mutum ya yi shigar tsoho ɓatacce ya shiga gari, a aika siffarsa ga 'yan sanda da direbobin tasi da ma'aikatan gidan waya da masu kantuna, sa'an nan jama'a, har da 'yan makaranta, su gwada yadda za su tare shi, watau a zo masa ta gaba kada a firgita shi ta baya, a rage tsawo ido ya daidaita da ido, a gaishe shi a hankali kafin a tambaye shi inda za shi. A matakin ƙasa kuma tun 2005 ake ba da wani darasi na minti 90 ga duk mai so, a shekarun farko akan ba shi abin hannu ruwan lemo alamar ya san yadda zai taimaki mai gigi, waɗanda suka karɓa kuwa sun haura miliyan 10. Har ma a 2017 wani mai shirya shirye-shiryen talabijin, Shiro Oguni, ya buɗe gidan abinci na ɗan lokaci a Tokiyo inda duk masu kai abinci masu gigin tsufa ne, aka kuma sanar tun daga sunan wurin cewa mai yiwuwa abin da ka nema ba shi za a kawo maka ba. Tunanin ya zo masa ne ranar da ya ziyarci wani gidan tsofaffi aka kawo masa abincin da ba shi aka ce za a dafa ba, ya buɗe baki zai yi gyara, sai ya ga kowa yana ci da daɗi, ya yi shiru ya ci. Mutane suka cika wurin, tsofaffin kuwa suka ɗaura atamfar aiki suka koma masu hidima bayan an daɗe ana yi musu.

Wannan hanya ta Omuta ita ce ta fi kusa da ƙarfinmu, domin ba ta buƙatar siminti. Nijeriya tana da dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa wadda aka sa wa hannu a 2018, amma aikin da ake magana a kansa na mai unguwa ne da liman da shugabar mata. Liman yana iya faɗakarwa bayan salla cewa Malam wane ya fara mantuwa, wanda ya gan shi ya wuce kwalbati ya gaishe shi ya juyo da shi cikin mutunci. Tela yana iya ɗinka lambar wayar ɗansa a cikin aljihun riga. Samarin majalisa suna iya raba kwanaki, yau wane ne zai tura keken Alhaji zuwa inuwar da abokansa suke dara, gobe wane, ranar hawan salla kuma a samar masa wuri a gaba. Matan unguwa in za su barka ko gaisuwar mutuwa su biyo su ɗauki tsohuwa, wanda hakan zai ba mai jinyarta sa'a biyu ta runtsa, domin ita ma mai jinyar, wadda kusan kullum 'ya ce ko suruka, an kulle ta tare da wadda take jinya.

Cikas ɗin farko shi ne iyali su yarda su faɗa, kuma wannan nauyin baki ba mu kaɗai ke da shi ba. A Holan ɗin ma wani masanin halayyar tsofaffi, Bère Miesen, ya lura cewa iyalai suna ɓoye cutar har ga junansu, miji ya san matarsa ta gane, matar ta san mijin ya gane, amma babu mai furtawa. A watan Satumba na 1997 ya ari wani ɗakin karatu a jami'ar Leiden ya gayyaci masu gigi da danginsu su zo su zauna tare, a ɗan yi bayani, a yi tambayoyi, a saurari kiɗa, a sha gahawa. Sau ɗaya a wata ake zaman, ba a biyan ko sisi, ba a rubuta sunan kowa a bakin ƙofa, kuma a yau akwai irin wannan majalisa fiye da 200 a garuruwan Holan.